Kafin ka sayi jitar feda, kifa ta ka leƙa cikinta

Jitar feda, wato pedal steel guitar, ita ce wadda ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu, a kaɗa ta a zaune ana taka feda don sauya sautin tsirkiya. Ta farko da na saya, cinikin biri a sama na yi. Hoto shida aka turo mini, duk na samanta: katako mai ido-ido an shafe shi da jan fenti yana ƙyalli, wuya biyu, tsirkiya 20, feda 8 sun jeru a ƙasa kamar haƙoran mataji. Mai sayarwa ya ce ɗan saiti kawai take buƙata. Ban nemi hoton cikinta ba, domin a lokacin ban san cikin shi ne jitar ba.

Wata bakwai na yi ina zargin kunnena. In na taka feda ta farko, tsirkiya ta 5 ta hau daga B zuwa C#, lafiya lau. In na ɗaga ƙafa, maimakon ta koma inda ta fito sai ta tsaya ɗan sama da B, gobe kuma ɗan ƙasa, yadda ta ga dama. Mai koyo ba ya iya rarrabe laifin hannunsa da laifin inji, balle a kayan kiɗan da ba yatsa ake danna masa ba, dunƙulen ƙarfe kake zamarwa a kan tsirkiya kana laluben sauti da kunne. Duk abin da ya fito a karkace sai in ce ni ne. Har na fara tunanin ko abin ba rabona ba ne.

Daga ƙarshe na kai ta wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran irinsu. Bai ko taɓa tsirkiyar ba. Ya ce, "Yaro, kifa mini ita." Na kifa ta cikin akwatinta, ƙafafu sama. Ya sa tabarau ya yi shiru. Ya nuna mini sanda uku da ba na asali ba, ɗaya ma wayar rataye tufafi ce aka miƙe aka lanƙwasa mata kai. Ya nuna mini wani ɗan maƙalin ƙarfen zubi da ya tsage aka liƙe shi da gam, da kuma ramin da tsirkiya ta ci a kan yatsun cenja, inda gindinta yake maƙale, tsawon shekaru. Na ce, "Baba, to za ta gyaru?" Ya ce, "Za ta gyaru, in ka samo kayanta. Kamfanin ya daɗe da rufewa. Amma ka daina zagin hannunka, ita ce ba ta dawowa gida."

Tun ranar, duk wanda ya tambaye ni wace jitar feda zai saya, da wannan nake fara masa. Inji ce aka ɗora wa tsirkiya. In ka taka feda, sanda ta ja ƙarfen gicciye ya juya, shi kuma ya ja wata siririyar sanda, ita kuma ta ja yatsan cenja, wato jerin 'yan ƙarafan da ke ƙarshen dama inda gindin kowace tsirkiya yake maƙale. Yatsan ya ɗan karkata, tsirkiya ta ƙara ɗauri ko ta saki, sauti ya hau ko ya sauka. Duk wata gaɓa a wannan sarƙar tana iya yin sako-sako, ta cije, ko ta ci kanta. Kyawun katakon sama ba ya gaya maka komai game da su.

Abin dariya, wayar rataye tufafin nan tana da tarihi. A 1953 wani makaɗi mai suna Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya na cikin ƙara, aka ji sauti biyu sun zame sun hau tare, abin da ba a saba ji ba. Makaɗan birnin Nashbil na Amurka suka bazama, kowa na ƙulla wa jitarsa feda da abin da hannunsa ya kai, har da irin wannan wayar. Su sun yi ne don babu inda za su saya. Kai kana da inda za ka saya.

To me za ka nema? Wuya ɗaya, tsirkiya 10, saitin E9, feda 3 da libar gwiwa 4, wato 'yan ƙarafan da ke rataye a ƙarƙashin jitar, ana tura su da gwiwa su sauya sauti kamar feda. Masu sana'ar suna taƙaita shi da S-10, uku da huɗu. Kusan duk darasin da za ka samu, rubutacce ko na bidiyo, da wannan tsarin aka gina shi. Tsirkiyoyin daga ta 1 zuwa ta 10 su ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda A tana ɗaga B biyun zuwa C#. Feda B tana ɗaga G# biyun zuwa A. Feda C tana ɗaga E ta sama zuwa F# tare da B ta sama zuwa C#. Wannan kowace jita na da shi. Inda ake cin mai saye shi ne wajen liba.

Liba biyu ba a yin ciniki a kansu: mai ɗaga E biyun zuwa F, da mai sauke su zuwa D#. Bari in nuna maka dalili da misali ɗaya. Kana son haɗin G, wato sautukan da ake kaɗawa tare su ba da G. Ka ajiye ƙarfenka a layi na 3 cikin layukan da aka zana a wuya ba ka taka komai ba, ga G. Ka zame zuwa layi na 10 ka taka A da B tare, ga G kuma da wata irin murya. Tsakaninsu, a layi na 6, in ka taka A ka tura libar F da gwiwa, ga G na uku. Wannan na tsakiyar shi ne gadar, shi ne ke sa waƙa ta tafi a zame ba tsalle-tsalle. Makaɗi Lloyd Green ne aka fi danganta wa shigo da libar F ɗin a ƙarshen shekarun 1960, kuma daga nan ta zama ruwan dare. Ita kuma mai sauke E, in ka haɗa ta da feda B za ta ba ka haɗin nan mai jan kunne ya koma gida, ita kaɗai kuma ta ba ka haɗin baƙin ciki. Jitar da ba ta da waɗannan biyun, wata uku za ka yi da ita ka fara cin karo da darasin da ba za ka iya kaɗawa ba.

Shi ya sa ba na ba mai koyo shawarar Sho-Bud Maverick, duk da yawanta a kasuwar 'yan gwanjo da sauƙin kuɗinta. Sunan babba ne, Shot Jackson da Buddy Emmons ne suka kafa Sho-Bud a Tenesi a shekarun 1950, kuma mutane da yawa da ita suka fara a shekarun 1970. Amma yawancinsu feda 3 ne da liba 1, kuma ba a gina ta don a yi ta ƙara mata kaya ba. Kuɗin da za ka kashe a ƙara mata liba uku, in ka haɗa da kuɗin sayenta, ka kusa kai wa ga sabuwa mai huɗu. Haka sauran tsofaffin jitocin ɗalibai masu liba ɗaya, kowane suna ke rubuce a gabansu. Araha ba ta ado.

Akwai wani rukuni da ya fi wannan haɗari ga aljihu, domin su kam kyawawa ne na gaske, shi ya sa suke jan mutum. Fender 400 da 1000, na ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, tsirkiya 8 ne a wuya, igiyar waya da kura-kurai ke jan cenjarsu maimakon sanda, kuma daga masana'anta ba su zo da libar gwiwa ba. Muryarsu siririya ce mai kaifi, akwai masu sonta har gobe, kuma makaɗi Sneaky Pete Kleinow ya yi rayuwarsa a kan 400. Sai dai darasin E9 na yau ba zai zauna a kanta ba. ZB, wadda Zane Beck ya ƙirƙiro, Tom Brumley ya kaɗa a ƙungiyar Buck Owens, tana da murya mai kauri da ba ta da na biyu, amma saita cikinta sana'a ce mai zaman kanta, masu iya ta kuma 'yan ƙalilan ne. Wasu Sho-Bud na ƙarshen shekarun 1970 suna da maƙalai na ƙarfen zubi mai gautsi, wanda masu su ke musanyawa da na alminiyam in ya karye. In an riga an musanya, madalla. In ba a yi ba, aikin yana jiranka.

Sai Emmons ta asali, mai tsarin tura-da-ja, wadda Buddy Emmons da Ron Lashley suka fara ƙerawa a Karolaina ta Arewa a farkon shekarun 1960. Nan zan ɗan tsaya, domin a kanta na fi jin an yi gardama. Ban taɓa jin jitar feda mai murya irin tata ba. Akwai wani ƙarar ƙararrawa a tsirkiyoyinta na sama wanda yake ratsa ganga da komai ya fito. In an saita ta daidai, tana iya shekaru ba ta motsa ba. Matsalar tana ga "in an saita". A tsarinta, ɗagawa ja ne, saukewa turi ne, kuma duk tsirkiyar da ake ɗagawa ake kuma saukewa dole a bar wa sandarta ɗan sarari, in ba haka ba saukewar ba za ta kai ba. Mai koyo ya kifa ta, ya ga sarari, ya ce ai noti ne ya kwance, ya ɗaure. Shi ke nan ya ɓata saitin da gwani ya yi yini yana yi. Hatta ɗaurin yau da kullum a juye yake: sai ka taka feda ka saita sautin sama a makullin tsirkiya, sannan ka saki ka saita na sake a sukurun gefe. Ba wuya gare shi ba ga wanda ya saba. Amma jita ce ta biyu ko ta uku, kuma sai in kana da lambar wanda ya san cikinta.

Jitocin zamani kusan duk tsarin ja-zalla ne. Ka saita tsirkiya a sake a makulli, ka taka feda, ka juya ɗan notin roba a gefen dama da ƙaramar sifana har allurar na'urar saiti ta tsaya. In kana son sauya aikin wata liba, ka cire sanda daga wannan rami ka mayar a wancan. Mutum mai haƙuri da hasken tocila zai iya koyon wannan a yammaci ɗaya. Wannan sauƙin shi nake so mai farawa ya biya kuɗinsa a kai.

A sababbi marasa tsada sosai, wadda na fi yawan ambata ita ce Stage One. Zanen Bruce Zumsteg ne, wanda ya kafa kamfanin ZumSteel, ana ƙera ta a Mizuri. Ita na koma wa bayan waccan mai wuya biyu, kuma makon farko na gane ashe hannuna bai kai lalacewar da nake zato ba. Uku da huɗu ce, ba ta da nauyi, feda na tsayawa cak inda ya kamata, tsirkiya na dawowa gida. Ka san abu ɗaya kafin ka saya: jadawalin fedarta a kafe yake tun daga masana'anta, ba a ƙera ta don ka yi ta sauye-sauye ba. Ga mai koyo wannan ba rashi ba ne, ni ma na ga ya hana ni ɓata lokaci a ƙarƙashin jita maimakon a samanta. Wanda yake son 'yancin sauyawa sai ya dubi yayarta Encore, ko Mullen Discovery ta Kolorado, wadda cikinta na ƙwararru ne aka rage mata ado da nauyi. GFI, kamfanin da Gene Fields ya kafa bayan ya yi shekaru a Fender, suna da Expo, mai sauƙin ɗauka da sauƙin gyara. Justice ma suna yin ƙananan samfura masu kyau. Waɗannan duk ƙananan masana'antu ne, wasu mutum ɗaya ko biyu ne ke aikin, don haka sau da yawa sai ka shiga layi ka jira watanni. Gara jiran da wata bakwai na zargin kunne.

Carter Starter kuwa tana tsaka-tsaki. Uku da huɗu ce, ita ma jadawalinta a kafe, ta koyar da ɗimbin mutane, amma an daina ƙera ta, kuma an gina ta ne da niyyar rage kuɗi ta kowace fuska. In ka same ta da rahusa kuma ka gwada ta da kanka ta ci jarrabawar da zan faɗa a ƙasa, ba laifi. Kada dai ka biya mata kuɗin da ya kusa na Stage One.

Hanya ta uku, wadda na fi so ga wanda ya tabbata ba zai ajiye abin bayan wata biyu ba, ita ce jitar ƙwararru ta hannu: ZumSteel, Mullen, Emmons LeGrande wadda ita ja-zalla ce, Carter ta ƙwararru, Williams, Fessenden. Irin waɗannan ba su cika faɗuwa a daraja ba, in ka sayar bayan shekara biyu da wuya ka yi asara mai ciwo. Tsohuwar MSA Classic ta shekarun 1970 ma tana cikin lissafi. Cikinta kamar tarakta yake, ba ya jin wahala, kuma nauyinta ma kamar na tarakta.

Maganar nauyi ba wasa ba ce. Tsohuwar mai wuya biyu a cikin akwatinta tana iya haura kilo 30, wasu su kusanci 40. Tawa ta farko sau biyu kawai na fita da ita daga ɗaki. Wuya na biyun saitin C6 ne, na jaz da kiɗan rawar Teksas, da fedojinsa biyar na kansa. Kyakkyawan abu ne, amma wani karatu ne daban, kuma yawancin masu farawa madogarar hannu suke mayar da shi. In madogara kake so, akwai SD-10, wato wuya ɗaya a kan faffaɗan jiki da matashi a gurbin wuya na biyu. Asalinsa ma daga Lloyd Green ne, wanda ya sa aka cire masa wuyan C6, Sho-Bud suka fitar da samfurin LDG a 1973. Akwai kuma mai tsirkiya 12 da ta haɗa saiti biyun a wuya ɗaya. Masu ita ba sa komawa, amma darasinta bai kai na 10 yawa ba.

Wasu abubuwa biyu ƙanana da ake mantawa. Na farko jerin feda: a tsarin Emmons daga hagu A, B, C ne, a tsarin makaɗi Jimmy Day kuma C, B, A. Babu wanda ya fi wani, idon sawunka ne zai zaɓa, sai dai yawancin darussa na Emmons ne. Ka tambaya, musamman in jadawalin jitar a kafe yake. Na biyu tsayi. In kai dogo ne, gwiwarka za ta tokare cikin jitar kafin ta sami liba. Ana sayar da ƙarin ƙafa da ƙarin sandar feda, inci ɗaya ko biyu, amma gara ka faɗa wa maƙeri tsayinka tun wajen oda.

Yanzu ga jarrabawar, wadda dattijon nan ya koya mini, kuma ba ta cin minti ashirin. Ka tafi da na'urar saiti mai allura, irin mai raba rabin matakin sauti zuwa ɗigo 100. Ka saita tsirkiya ta 4. Ka sauke ta da liba ka saki a hankali, ka duba. Ka ɗaga ta ka saki, ka duba. Ka maimaita sau goma, wani da sauri wani a hankali. Ɗan bambancin ɗigo ɗaya ko biyu bayan saukewa ɗabi'ar tsirkiya ce, kusan kowace jita na yi. Amma in kowane karo wuri daban take tsayawa, akwai abin da ke cijewa. Sannan ka kaɗa ta 4 ɗin, ka taka A da B tare ba tare da ka taɓa ta ba, ka kalli allurar. Za ta ɗan sunkuya, domin ƙarin ɗaurin sauran tsirkiyoyi yana ɗan lanƙwasa jikin jitar. 'Yan ɗigo kaɗan ba komai. In kunnenka ya ji faɗuwar tun kafin ka kalli allura, ka yi sallama. Ka tura kowace liba da ƙarfi ka ji ko tana da matsaya mai tauri ko kuwa tana ta lotsawa kamar soso. Ka girgiza jitar ka ga ko ƙafafunta na rawa. Daga nan ka kifa ta. Sanduna su zama iri ɗaya, a miƙe, ba mai gugar wata. Ka nemi ramukan sukuru da ba kowa a cikinsu, alamar an cire wani abu. Ka shafa kan yatsun cenja da farce, musamman na tsirkiya ta 3, ka ji ko ta ci rami. Ita ta 3 ɗin, mai kaurin inci .011, ita ce mai yawan tsinkewa a kowace jita saboda feda B na jan ta kullum, don haka tsinkewarta jefi-jefi ba aibi ba ne. In tana tsinkewa duk kwana biyu a wuri guda, akwai kaifi a yatsan.

In daga nesa za ka saya, ka nemi hoton ciki daga kusurwa uku, da jadawalin feda a rubuce, da bidiyon mai ita yana yin gwajin allurar nan. Mai jita ta ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambayar, yawanci ma daɗi yake ji ya sami wanda ya san abin da yake nema. Wanda ya ce maka shi bai san komai a kanta ba, gado ya ci, wataƙila gaskiya yake faɗa, amma sai ka saya da farashin abin da ba a sani ba. Jitocin da ba su da sunan maƙeri kuwa, ko na haɗin gida, ko masu arahar da ta wuce hankali a shagunan intanet, tambaya ɗaya nake yi musu: in maƙali ya karye, wa zan kira?

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan jitar. Kana buƙatar dunƙulen ƙarfe mai kaurin inci 7/8 mai zagayayyen kai, faratan ƙarfe biyu da na babban yatsa ɗaya, da fedar ƙara ta ƙafar dama, irin su Goodrich ko Hilton, wadda ita ke sa sauti ya daɗe yana numfashi. Kana buƙatar amfilifaya mai tsabtar murya da ba ta fashewa in an ƙure ta. Peavey Nashville 112 ta wadatar da mutane da yawa, tsohuwar Nashville 400 ma haka in bayanka zai iya ɗaukarta. Sai kujera marar hannu mai tsayin da cinyarka za ta miƙe. Ni na raina kujerar, na yi shekara guda a kan wadda ta yi mini ƙasa, ina mamakin dalilin da libar hagu ke gujewa gwiwata.

Mai wuya biyun nan tana nan a ƙarƙashin gado. Na samo mata maƙalai biyu daga wani mai turu da ke ƙera irinsu, saura na uku da yatsan cenja guda ɗaya. Dattijon ya ce in na haɗa su in kawo, amma in zo da wanda zai kama mini akwatin.